Juyen man giya da na bak aksil a gida: inda muke tafka kuskure

Ranar da na fara cewa bari na juye man bak aksil ɗin tsohuwar Hilux ɗina da kaina, wata Juma'a ce da hantsi, na ce kafin a tafi masallaci na gama. Na shiga ƙarƙashi, na kwance notin ƙasa, mai ya zubo baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, na ji daɗi na ce toh aiki ya tafi. Da na zo kwance notin sama, wato wanda ake zuba sabon mai ta nan, sai ya ce bai san zancen ba. Na ja, na doka, na taka sifana da ƙafa, ƙarshe kan notin ya suɗe ya koma kamar ƙwallon goruba. Ga mota ba mai a aksil, ba halin in tuƙa ta zuwa gareji, ga ta a tsakiyar ƙofar gida ta tare hanya. Sai Asabar na ɗauko mai walda a mashin ya liƙa wani noti a kai sannan ya fita.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni nake fara masa da wannan: notin sama ake fara kwancewa, kafin a taɓa na ƙasa. In ya ƙi, shikenan ba abin da ka rasa, manka na ciki, ka tada motarka ka kai wa bakanike. Kuma dan Allah a bar amfani da sifana mai buɗaɗɗen baki ko waccan da ake murzawa a daidaita, su ne ke suɗe noti. Soket ake sawa mai kusurwa shida wanda ya zauna daram. A yawancin Toyota lamba 24 ne, wasu na aksil ɗin gaba kuma alanki lamba 10 suke so. In alanki ne, ka fara sa ƙusa ka sakace lakar da ta cike ramin, don in bai shige har ƙarshe ba yana zamewa ya cinye ramin. Ka fesa masa maganin tsatsa tun dare, da safe ka ɗan ƙwanƙwasa kansa da guduma, mafi yawa suna saki.

Abu na biyu da mutane ke mantawa shi ne mota mai ogzilari, wato mai ja da taya huɗu, ba wuri ɗaya ake zuba mata man nan ba, wuri huɗu ne. Akwai giyabos, akwai ogzilarin kansa da ke manne a bayan giyabos yana raba ƙarfi gaba da baya, sai aksil ɗin gaba, sai na baya. Sau da yawa mutum zai juye giya da bak aksil ya ce ya gama, shi kuwa na gaba tun da aka sayo motar ba wanda ya taɓa buɗe shi, wai ai ba a cika sa ogzilari ba. Alhali shi ne yake fara shiga ruwa in za ka tsallaka rafi. A Hilux in ka haɗa su huɗun za ka sha wajen lita bakwai zuwa takwas, ogzilari ne mafi ƙarancin ci, lita ɗaya da ɗan wani abu, na baya kuma galibi ya fi kowa. Kar ka sayo galan ɗaya mai lita huɗu ka zo tsakiyar aiki kana aiken yaro.

Yanzu ga inda rigimar take, wato wane mai. Nan ne muka fi yin ɓarna kuma ɓarnar ba ta nunawa ranar, sai bayan wata shida ka ji giya ta fara gardama ka rasa dalili.

In ka duba jikin roba za ka ga an rubuta GL-4 ko GL-5. Mutane suna ɗauka biyar ta fi huɗu saboda haka GL-5 ya fi kyau ko'ina, ba haka ba ne, aikinsu ne daban. Haƙoran da ke cikin aksil ba cizon juna kawai suke ba, suna gogar juna ne da ƙarfin tsiya, shi ya sa GL-5 ake zuba musu, yana da sinadarin sulfa da fosfaras da yawa da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, sulfar nan ce ma ke kawo warin. Shi kuwa giyabos na hannu a cikinsa akwai wasu zobba na tagulla, su ne ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, kuma su suna buƙatar ɗan kamu ne, ba santsi da yawa ba. GL-5 yana iya yi musu santsi, wani ma ya riƙa cinsu a hankali, sai ka ji giya ta biyu tana ƙarr kafin ta shiga. Akwai giyabos ɗin da kamfani ya yarda a sa masa kowanne, tsofaffin Hilux da yawa littafinsu ya ce GL-4 ko GL-5 mai lamba 75W-90, amma akwai waɗanda GL-4 kaɗai suka ce. Toh in littafinka ya ce GL-4, ka tsaya a nan. Abin da dai ba a yi ko kusa shi ne zuba GL-4 a aksil.

Sai maganar kauri. Mu nan muna da wani imani cewa mai in bai yi kauri kamar zuma ba to ruwa ne. Ka je wajen mai sayarwa ka ce man giya, sai ya miƙo maka wan foti, wato SAE 140, ya ce wannan shi ne mai ƙarfi, ƙasarmu da zafi. Na babbar mota ne wannan da tarakta da wasu aksil masu ɗaukar kaya da nauyi. Ka zuba shi a giyabos ɗin Hilux ko Prado, ranar da hunturu ya sauko da asuba za ka kama sandar giya da hannu biyu kana kokawa da ita kamar mai tuƙin tuwon biki. Kuma kafin ya yi ɗumi ya ratsa cikin ƙananan boris, sun ɗan yi gudu a bushe. Aksil a zafin nan namu 80W-90 ko 85W-90 yana yi wa tsofaffin motoci daidai, sababbin Toyota kuma 75W-85 suke nema a aksil, ogzilarinsu ma wani siririn mai ne na musamman mai lamba 75W. Wasu motocin ma jan man nan na giya otomatik, ATF, shi ake zubawa a ogzilarinsu. Ka ga kenan ba za ka sayo bokiti ɗaya ka bi ramuka huɗu da shi ba don maƙwabcinka haka ya yi. In littafin motar ya ɓata, ka sa sunanta da shekararta a intanet, ana samu.

Akwai kuma aksil ɗin baya mai LSD, wanda in taya ɗaya ta shiga laka tana juyawa a banza yake tura ƙarfi ga ɗayar. Cikinsa akwai faifai kamar na kuloci, kuma mai yake so wanda aka rubuta LS a jikinsa. Ka zuba masa gama-gari sai ka ji in kana shan kwana a hankali bayan motar na kakkarwa yana ƙugi, har ka fara zargin taya ko sifirin. Gyaransa ba wuya, juyewa za ka yi ka sa na LS. Galibi akwai 'yar takarda a manne a jikin aksil ɗin da ke faɗa, in laka ba ta cinye ta ba.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi kuwa, ni dai ba na zuba shi a motata. Ba lamba, ba suna, ba ka san ko tsohon baƙin mai aka tace ba. Ka sayi mai hatimi, ka duba murfin ba a taɓa fasa shi ba.

In giyarka otomatik ce, wannan wani karatu ne daban. Kwance notin ƙasa ba ya fitar da ko rabin man, sauran na cikin tok kwambata, wato abin da ke matsayin kuloci a giya otomatik, kuma da yawa daga sababbin ba su da sandar awo, sai injin na aiki mai ya kai wani zafi takamaimai sannan ake duba shi ta wani noti. Wanda bai taɓa gani an yi ba ya bar wa masu na'ura, ya yi sauran ukun a gida.

Toh mun dawo ƙarƙashin mota. Kar ka juye mai da sanyinsa, ka ɗan zaga da ita minti goma sha biyar ya saki jiki, dattin da ya kwanta ya taso. Amma ba wai ka dawo daga Kano zuwa Zinder ka faɗa ƙarƙashi ba, zai saɓule maka fatar hannu. Sannan wuri ya zama shimfiɗaɗɗe. Wannan mutane na raina shi, alhali ma'aunin man gaba ɗaya shi ne bakin ramin sama: ana zubawa har sai ya fara dawowa, ka bari ya gama ɗiga, ka sa ɗan yatsa ka ji shi daidai bakin ramin. In motar ta karkace ko ka ɗaga gefe ɗaya da jak, awon ya tashi a banza, ko ka cika da yawa ko ka rage. Motocin nan ma suna da tsayi, yawanci mutum na shigewa da kwali a bayansa ba sai an ɗaga ba. In dole sai ka ɗaga, kar ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake lokaci ɗaya ba sallama. Ja birkin hannu, sa waigi a taya.

Masu cewa bari in ƙara masa kaɗan don ya daɗe, har su karkata motar da gangan don ya ci da yawa, ba gata suke yi mata ba. Mai in ya yi yawa kumfa yake, ya yi zafi, ya nemi hanyar fita ta sil. A bak aksil in ya fasa sil ɗin gefe, cikin birkin baya yake zubowa, ka wayi gari birki na santsi.

Wajen zubawa kuma ba sarari, roba ba ta miƙewa a wurin. Ƙaramin famfon hannu ake sawa ko babban sirinjin mai, in babu ka sa tiyo a bakin robar ka matsa. Ni nakan ajiye robobin a rana tun safe, kafin in zo kansu man ya saki, yana tafiya ba wahala. Ka goge kewayen ramin tas kafin ka buɗe, yashi ƙwaya kaɗan ya isa ya fara yi wa boris aiki. Kuma a jikin giyabos ka tabbatar notin zuba mai ne kake kwancewa, don akwai wasu kusoshi a gefen da ke riƙe da kayan ciki, ka kwance ɗaya wani abu ya faɗa ciki sai an sauke giya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne in ga mutum ya kwance notin ƙasa ya goge shi da tsumma bai ko kalla ba. Akwai maganaɗisu a kansa, kuma shi ne ke ba ka labarin cikin. In ka ga baƙin abu laushi kamar kwalli, ka murza a yatsa ba ka ji tsini ba, wannan cin yau da gobe ne, ba komai. In ka ga ɓarɓashi kamar tsakin shinkafa ko gutsuren haƙori, sabon mai ba zai warkar da shi ba, ka nemi bakanike tun kafin ta tsaya maka a daji. Ka kalli man ma a rana, in na giyabos ne yana ƙyalli ruwan gwal, zobban tagullar nan ne ke narkewa. In kuwa ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga.

Ruwan nan ta wani ɗan bututun shan iska yake shiga, yana saman aksil da 'yar hula a kansa. Aksil ya yi zafi a tafiya, ka faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke sai ya zuƙo ruwa ta nan ko ta sil. Mu masu shiga fadama da damina mun san wannan. Saboda haka ko jiya ka juye, in yau ka ratsa ruwan da ya rufe aksil, ka buɗe ka duba, kar ka ce ai ba a kai kilomita 40,000 ɗin da aka saba juye mai ba. Bututun ma ka juya hularsa ka ji tana motsi, in laka ta toshe shi zafi ne zai turo mai ta sil, ka canza sil sau uku yana ci gaba da yoyo kana zagin mai kayan gyara. Wasu suna sa masa dogon tiyo su ɗaure can sama, dabara ce mai kyau kuma ba tsada.

Wani abu da na gani a tsofaffin Land Cruiser: ka buɗe notin saman giyabos mai ya yi ambaliya, ka buɗe na ogzilari ka tarar ya kusa ƙafewa. Sil ɗin da ke tsakaninsu ne ya mutu, mai na ƙaura daga wannan zuwa wancan. Ƙarin mai ba ya maganinsa.

Sai ɗaurewa. Kowane noti yana da wasa, wato ɗan zobe, a ƙarƙashinsa wanda ke lotsewa ya toshe yoyo, sau ɗaya ake amfani da shi. Kuɗinsa bai kai na lemon kwalba ba, in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sayo guda takwas ka ajiye. Mu kuwa sai mu mayar da tsohon, ya fara ɗiga, mu sa bututu a sifana mu hau kai. Jikin ogzilari da na giyabos da yawa alminiyom ne, ba ya jure wannan, haƙoran ramin ne za su biyo notin su fito, ko jikin ya tsage. Ka fara murza shi da yatsu har ya zauna, in ya yi tauri tun farko to a karkace ya shiga, fito da shi. A Hilux da yawa ƙarfin ɗaurin notin giyabos da ogzilari 37 Nm ne, na bak aksil 49, in kana da sifana mai awo. In babu, hannu ɗaya a gajeriyar sifana, ya kama ka ɗan ƙara, ya isa.

Da ka gama ka fita da ita kan ƙasa ko yashi ka sa ogzilari na ɗan lokaci don man gaba ya zagaya, ba a kan kwalta ba. Ka dawo ka leƙa notin takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, gobe da safe ka sake duba ƙasan inda ta kwana. Tsohon man kuma kar a zuba a kwata ko bayan gida ko kusa da rijiya, kar kuma a shafa wa dabba a ciwo kamar yadda wasu ke yi. Ka ɗura shi a robobin da ka juye, ka rubuta kilomita da kwanan wata a murfin littafin mota, robobin kuma ka miƙa wa masu juye a bakin gareji, suna karɓa.