Ƙofar gareji mai rimot: kurakuran da ke ƙona inji a gidajen Jidda da Riyad

'Yan'uwanmu masu gadi da tuƙi a gidajen Jidda, Makka da Riyad, galibi kula da ƙofar gareji na wuyansu. Da ta ƙi tashi, sai a gaya wa maigida inji ya mutu. Sau da yawa injin ba shi da laifi. Sifirin ɗin da ke naɗe a saman ƙofar shi ke ɗaukar nauyinta, inji ja kawai yake yi. In sifirin ya saki, injin ya ɗauki kayan da ba nasa ba har ya ƙone, a sayo sabo, shi ma ya bi sahu.

Gwajin sifirin ba ya cin minti biyu. Rufe ƙofar ruf, ka ja jar igiyar nan mai raba ta da inji, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi, ka saki. In ta tsaya cak, lafiya lau. In ta zube ƙasa, ko ta yi nauyi kamar buhun siminti, sifirin ya gaji ko ya karye. Duba sama, za ka iya ganin gibi a tsakiyar naɗin. Kada ka kuskura ka ja igiyar alhali ƙofa na buɗe, don in sifirin ya karye faɗowa za ta yi da dukan nauyinta. Sifirin na yau da kullum ana ƙera shi don buɗewa da rufewa kusan sau 10,000. Gidan da ake buɗewa sau huɗu a rana, kusan shekara bakwai ke nan. Mai motoci uku da kai yara makaranta ba zai kai haka ba.

Ɗaure sifirin ba aikin sifana da sukundireba ba ne, sandunansa na musamman ne, kuma in ya kuɓuce yana karya hannu. Haka notunan da ke riƙe igiyar ƙarfe a kusurwar ƙasa: a ɗaure suke da ƙarfin sifirin. Waɗannan biyun a kira ma'aikacin da ya iya.

Sai batun giris, inda mai son gyara ke ɓata abu da hannunsa. Ƙofa ta fara kuka, sai a lafta giris ko baƙin mai a cikin layin da tayoyinta ke bi. A ƙasar da ƙura ke tashi ta rufe gari, kwana kaɗan giris ɗin ya cakuɗe da yashi ya daskare, tayoyin su daina juyawa su koma jan ciki. Layin busasshen tsumma yake so, ba mai ba. Feshin WD-40 ma wanke datti da tsatsa ya fi iyawa, ba ya daɗewa. Feshin silikon ko farin giris na lithium za ka sa, kaɗan, a mahaɗan ƙofar, da cikin tayoyin ƙarfe, da jikin sifirin, duk wata uku ko bayan babbar ƙura. A Jidda, inda raɓar teku ke cin ƙarfe, ƙara da duba igiyar ƙarfen: ko zare ɗaya ya tsinke, a canza ta.

Ƙofa ta fara sauka ta koma sama, fitilar inji na ƙyaftawa? Idanun nan biyu ne na gefen ƙofa masu gano abin da ya tare hanyarta, waɗanda bai kamata su wuce santimita 15 daga ƙasa ba. Goge gilashinsu, ka daidaita su har fitilunsu su tsaya ba ƙiftawa. In da la'asar kaɗai take yi, rana ce ke dukan ɗaya. Guntun fayif ya yi masa inuwa. Masu cire idanun su manne su da juna a saman inji, ko su ƙure maɓallin ƙarfi, sun kashe abin da ke hana ƙofar danne yaro. Duk wata ka kwantar da katako mai kaurin santimita 4 a ƙasa: da ta taɓa shi dole ta juya.

Zafi ma na da nasa. Injin da ke gurnani bai motsa ba, galibi kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke taimaka masa ya tashi, ta kumbura, kuma araha take. Cire filogi tukuna, a sauke cajinta, a sa mai lamba iri ɗaya da wadda ke jikinta. Injin da ke cikin bututun ƙofa mai naɗewa kuwa yakan kashe kansa bayan aikin kusan minti huɗu a jere. Ba shi minti 20 ya huce, danna rimot ba zai tashe shi ba.

Wutar Saudiyya 60 Hz ce, ba 50 irin ta Najeriya ko Sudan ba, kuma tsofaffin gidaje na da soket na volt 127 da na volt 220 a bango ɗaya. Karanta takardar jikin inji kafin ka jona. Rimot ɗin da sai an matso dab yake aiki, fara da batirinsa, musamman in a gaban mota yake shan rana. In bai gyaru ba, cire ƙwan LED ɗin da aka ɗaura a jikin injin ka sake gwadawa, masu araha na toshe saƙon rimot.