Kurakuran da muke yi wajen canja shokozoba a tsohuwar mota

Duk mai bin hanyar Jega zuwa Yauri, ko mai shiga ƙauyukan bayan Argungu da damina, ya san ba inji ke fara gajiya ba, ƙafar mota ce. To amma yawancinmu kuɗi muke zubarwa a inda ba nan ciwon yake ba.

Na farko dai ni ma na yi shi da Golf 3 ɗina. Na ga bayanta ya zauna, na ruga na sayo shok biyu sababbi, aka ɗaura, na loda buhunan albasa a Aliero, wallahi kafin in kai Jega taya na gugar bodi kamar ba a taɓa komi ba. Ashe shok ba shi ke ɗaukar nauyi ba jama'a, sifirin ne. Shi shok aikinsa kawai ya hana mota yin ta lilo bayan ta faɗa rami. In mota ta zauna to sifirin ya gaji ko ya karye. In kana son sanin lafiyar shok, danna kusurwar motar da ƙarfinka ka saki, in ta taso ta tsaya lafiya lau, in ta yi ta rawa sau biyu sau ukku to ya mutu. Ka leƙa kuma ko mai na tsiyaya a jikinsa, ka shafa taya ka ji ko ta ci tudu da kwari.

Sai masu canja guda ɗaya don wai shi kaɗai ya fashe. A'a, biyu ake sawa, gaba biyu ko baya biyu. In ɗaya sabo ɗaya tsoho, ranar da ka taka birki da gudu za ka ji motar na karkata gefe.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ɗaga mota. Mutum zai ce a sa mishi sifirin na babbar mota ko a cusa roba don ta yi tsawo saboda gargada, shok ɗin kuma na nan yadda yake gajere, kullum a miƙe yake har ƙarshe, shaf, wato sandar da ke juya taya, na aiki a karkace, ba a jima ba robarsa ta yage ka fara jin ƙas ƙas in ka karya kwana, ga mota na tangaɗi kamar kwalekwale a Yauri. In dole sai ka ɗaga, ɗan kaɗan, kuma ka nemo sifirin na irin motarka mai ɗaukar kaya, misali na wagon.

Batun shok na beljiyam kuwa, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, ban hana ba, kowa da aljihunsa. Amma ka riƙe shi a tsaye ka danna sandar da hannunka, ya kamata ka ji tauri tun daga sama har ƙasa babu inda ta zurma fayau, kuma babu tsatsa ko ƙarzuwa a jikinta. Sabo ma a kula, kwalin kamfanonin shok irin su KYB ko Monroe ba shi ne shaida ba, jabu ya cika kasuwa. Wanda aka huda aka ɗura wa mai aka toshe kuwa ka bar musu kayansu.

Wani ƙaran kwal kwal ɗin ma ba shok ba ne, bushin ne ko linkej ko bol joyin, ƙananan kayan ƙafar mota masu araha. Ka sa bakanike ya girgiza su kafin ka je kasuwa. Kuma ka tsaya a kansa, ka ce oga don Allah kar a riƙe sandar shok da filaya, tana ƙarzewa ta cinye sil, robar da ke riƙe man shok. Notin bushin kuma a ƙarasa ɗaure shi bayan an sauke mota daga jak, in aka ɗaure tana rataye robar a murɗe za ta zauna. In na gaba aka canja, daga garejin ka wuce wajen alaimen, inda ake saita tayoyi, kafin ka hau titin Birnin Kebbi.