Yadda za ka kwashe shafinka daga Drupal 7 ba tare da asarar rubuce-rubuce ba

Tun ranar 5 ga Janairun 2025 aka daina fitar da gyaran tsaro ga Drupal 7, manhajar gina shafukan intanet da ta fito a 2011. Sau uku ana ɗage wa'adin kafin a rufe. Shafin da ke kanta zai ci gaba da buɗewa lafiya lau, kuma abin da ke ruɗar mutane ke nan, alhali duk ɓarakar da aka gano yanzu a buɗe za ta zauna. A Oktoban 2014, sa'o'i kaɗan bayan sanar da ɓarakar da ake kira Drupalgeddon, masu kutse suka fara afka wa shafuka, kuma a lokacin ma akwai gyara.

Kafin ka taɓa komai, kwafi rumbun bayanan gaba ɗaya, haɗe da jakar sites/default/files inda hotuna da takardu suke. Ni ba na yarda da kwafi sai na ɗora shi a wata kwamfuta na ga shafin ya tashi.

Sai zaɓen inda za ka koma. Drupal 10 ko 11 na da kayan ƙaura mai suna Migrate, wanda zai ɗauko maka rubuce-rubuce da asusun masu amfani, amma fasalin shafin da abubuwan da ka haɗa da Views (ɓangaren Drupal mai jera rubuce-rubuce a shafi) sai ka sake gina su. Tamkar sabon gini ne, ba fenti ba, don haka ka tanadi kuɗi da lokaci. Ƙaramar ƙungiya ko makaranta nakan ba ta shawarar Backdrop CMS, wadda aka tsiro da ita daga Drupal 7 ɗin kanta, shi ya sa ƙaurar ta fi sauƙi. Idan labarai kawai kake wallafawa, WordPress ta wadatar.

Ga inda na fi damuwa. Idan shafinka na Hausa ne, da zarar ka gama gwajin farko, buɗe tsofaffin rubuce-rubuce ka nemi ƙ da ɗ da ɓ. In aka fitar da bayanan da tsarin adana haruffa na latin1 maimakon UTF-8, "ƙasa" za ta iya komawa "?asa" a shafi ɗari-ɗari, kuma alamar tambaya ba ta faɗa maka wane harafi ta cinye. Kada ka zauna gyara da hannu. Koma ka sake fitar da bayanan daidai.

Haka adireshi. Mutane sun yi shekaru suna tura mahaɗar rubutunka ta WhatsApp da Facebook, wasu ma irin node/123 ne. Jera tsofaffin adireshin duka, kowanne ka ɗaura masa turawa ta dindindin (301) zuwa sabon mazauninsa, ba zuwa shafin farko ba. Mai neman wani rubutu na 2016 shi yake so ya gani.

Ana gobe sauyi, rage TTL na DNS, wato tsawon lokacin da kwamfutoci ke riƙe adireshin sabar shafinka kafin su sake nema. Ranar kuma ka tsayar da wallafa, ka ɗauki kwafi na ƙarshe, sannan ka juya. Tsohon shafin ka sauke shi daga intanet amma ka ajiye, ka riƙa leƙa Google Search Console, inda Google ke nuna matsalolin shafinka, na 'yan makonni kana toshe duk 404 (saƙon "ba a samu shafi ba") da ta ɓullo.