Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Gasket na Jan Ƙarfe

Yawancin tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da BSA sun zo da gasket, wato siririn falle mai hana yoyo, na jan ƙarfe zalla tsakanin kan silinda da jikin inji. Irin wannan gasket ba ya mutuwa don an kwance shi sau ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne jan ƙarfe yana taurara idan ya daɗe a matse, sai ya kasa lanƙwasuwa ya toshe ƙananan ramukan da ke fuskar ƙarfe, daga nan iska da mai su fara tsiyaya. Wuta ce ke dawo masa da laushinsa.

Kafin komai, a duba gefensa da kyau. Idan an ga falle biyu na jan ƙarfe da wani abu fari ko toka-toka a tsakiya, to wannan ba na gasawa ba ne. A da asbestos, wani ma'adini mai jure wuta, ake cusawa a ciki, ƙurarsa kuwa tana illata huhu, don haka kada a kankare shi, a nemi sabo. Haka kuma duk wanda ya tsage tsakanin ramin silinda da ramin noti, ko ya siranta a wani gefe, ya gama aiki.

Idan ya tsallake wannan, sai a wanke shi da kananzir, a goge baƙin hayaƙi, a bar shi ya bushe sarai.

Gasawar ita ce wurin da ake buƙatar natsuwa. A ɗora shi a kan bulo mai jure wuta, ko a rataye shi da waya ta ramin noti, a cikin inuwa ko da yamma, domin a tsakiyar rana ido ba ya gane launin ƙarfe. A riƙa zagaya harshen wutar gas a hankali ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba. Da farko launuka za su riƙa gudu a fuskarsa, sannan ya yi baƙi, daga bisani ya soma ja mai duhu kamar garwashin da ya fara lafawa. Nan ake so, kusan digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin Celsius. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, kuma wutar walda tana iya huda siririn gefe nan take, shi ya sa na fi son wuta mai faɗi. Wajibi ne kowane sashe ya yi jan, domin inda ya rage da tauri, nan ne zai yi yoyo.

Daga nan a ɗauke shi da filaya a tsoma a ruwa. Sanyin ruwa ba ya taurara jan ƙarfe yadda yake taurara baƙin ƙarfe, sai ma ya zubar da ɓawon da wuta ta bari. Ragowar dattin, lemun tsami da gishiri suna fitar da shi, amma a ɗauraye sosai a busar. Yanzu ya yi laushi ƙwarai, a riƙe shi a kwance kada ya lanƙwashe.

Wajen mayarwa, a tabbatar fuskar kan silinda ba ta karkace ba, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, kaɗan-kaɗan, bisa awon da littafin injin ya faɗa. Bayan inji ya yi zafi ya huce gaba ɗaya, a sake bin notunan da sifana, domin jan ƙarfen zai ƙara kwanciya.