Yadda ake bin diddigin bakteriya idan hayayyafarsu ta fara tsayawa

Ɗaliban zangonnin Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, masu karatun ƙananan halittu a jami'ar KNUST, duk sai sun zana jadawalin girman bakteriya. Yawanci ana tashi daga aikin da zarar layi ya miƙe kwance, alhali a nan ne abin kallo yake farawa. Ga yadda ake yi da bakteriyar E. coli irin ta koyarwa, wadda ba ta sa cuta.

A fara da romon LB, wato ruwan abincin da bakteriyar ke girma a ciki: giram 10 na tiriftan (narkakken furotin), giram 5 na tsamen yis, giram 10 na gishiri, a cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa. A zuba mililita 50 a kwalbar gilashi mai cin 250, domin sararin da ya rage na iska ne. A dafa a otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyi, a digiri 121 na minti 15. A ware romo kaɗan wanda ba a sa masa komai ba, da shi za a daidaita na'ura a kan sifili.

Idan ya huce, a ɗiga mililita 0.5 na bakteriyar da ta kwana tana girma. A sa a inkubeta mai girgizawa, digiri 37, juyi 200 a minti. Duk bayan minti 30 a ɗebi mililita 1 a auna gurɓacewar romon da sifektirofotomita, na'urar auna hasken da ke ratsa ruwa, a nanomita 600. Da farko ba za a ga motsi ba, suna sabawa da wurin. Daga nan adadinsu zai riƙa ninkuwa kusan kowane minti 20 zuwa 25.

Kafin a fara, a tabbatar akwai janareta ko batir. Dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, na awa biyu ya isa ya ɓata aikin: girgiza ta tsaya, iskar shaƙa ta yi ƙaranci, zafi ya sauka, sai layi ya kwanta kamar abinci ya ƙare alhali bai ƙare ba. In haka ta faru, a rubuta lokacin, a sake gwajin wata rana.

Da awon ya haura 0.5, a riƙa sirka samfurin da romo mai tsabta, kashi ɗaya cikin goma, sannan a ninka sakamakon sau goma. Na'urar ba ta faɗin gaskiya a ruwa mai kauri, kullum ƙasa take nunawa. Mutane da yawa sun ce hayayyafa ta tsaya, ashe na'urarsu ce ta cika.

Yanzu ga babban aikin. Gurɓacewar ruwa ba ta bambance rayayye da matacce, gawar bakteriya ma tana tare haske. Dole a ƙirga masu rai. A jera bututu bakwai, kowane da mililita 0.9 na ruwan gishiri kashi 0.85 cikin ɗari. A sa 0.1 na samfur a na farko, a gauraya sosai, a canza bakin fifet (abin ɗibar ruwa), a kai 0.1 zuwa na biyu, haka har ƙarshe. Rashin canza bakin nan shi ke kumbura lissafi. A shafa 0.1 daga bututu na 5, 6 da 7 a farantin aga (daskararren abincin bakteriya), a kife farantin, ya kwana a digiri 37. Kowace mai rai za ta hayayyafa ta zama ɗigo ɗaya; a ƙirga farantin da ke da ɗigo 30 zuwa 300 kawai. Misali ɗigo 150 daga bututu na 6 yana nufin biliyan 1.5 a kowace mililita.

A yi wannan ƙirge a awa ta 4, ta 8, ta 24, sannan kullum har kwana goma. A auna nauyin kwalbar kafin da bayan kowane ɗiba, a cike ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa dafaffe, in ba haka ba romon zai yi kauri ya ruɗe ka.

Me za a gani? Bayan 'yan awoyi ninkuwar tana ja baya, saboda abincin mai sauƙin ci ya ƙare. A LB, amino asid suke ci su saki amoniya, don haka pH, wato ma'aunin tsami, yana hawa zuwa wajen 9. In an sa gulukos a romon, akasin haka ne, tsami yake yi. Takardar gwajin pH ta isa ta nuna wannan.

A ɗora ɗigo a madubin likita a kwatanta. 'Yan awa ta 2 dogaye ne kamar sanda, 'yan awa ta 24 gajeru ne, sun kusa zama kewaye. Ba ƙanƙancewa kaɗai suka yi ba. Wani furotin mai suna RpoS ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado na jure wuya, wani kuma, Dps, ya naɗe DNA ya kāre shi. Shi ya sa suke jure zafi da tsami fiye da masu hayayyafa, kuma maganin ampisilin, wanda ke kashe bakteriya lokacin da take gina bango, ba ya cinsu sosai. Wannan ne dalilin da ba a gwajin ƙarfin magani da tsohon romo.

Wajen kwana na uku ƙirgen faranti zai faɗi warwas, kusan kashi 99 cikin ɗari su mutu, amma gurɓacewar ruwan da ƙyar za ta motsa. Nan layuka biyun ke rabuwa, kuma ba a ganin faɗuwar da kyau sai an zana adadin a ma'aunin logaridim, inda kowane mataki ninki goma ne. Daga yanzu a riƙa shafawa daga bututu na 3, 4 da 5, in ba haka ba faranti zai fito wayam.

Ragowar ba sa ƙarewa. Suna cin abin da ya fito daga matattu, kuma wajen kwana goma wasu masu sauyin gado kan ɓullo su mamaye sauran. Za a iya ganin ɗigo manya da ƙanana a faranti ɗaya. Kafin a ce sabon iri ne, a yi rinin Giram, mai bambance nau'in bakteriya, a tabbatar ba baƙuwar ƙwaya ce ta faɗa kwalbar ba, domin kwalbar da aka buɗe sau ashirin tana iya kwasar komai. In an gama, duk faranti da romo su koma otokilef kafin a zubar.