Jus ɗin gida a bakin jariri: inda iyaye mata suka fi yin kuskure

Tun da blanda ta shiga jerin kayan kicin ɗin amarya, haɗa jus a gida ya zama abin alfahari. Uwa za ta yanka kankana da abarba da karas, ta markaɗa, ta tace da rariya, ta ɗura a fida ta miƙa wa ɗan wata biyar, zuciyarta wasai, don ai ba na kwali ba ne, babu kala babu sukari. Niyyarta mai kyau ce. Sai dai tukar da ta tace ta zubar ta tafi da amfani mai yawa, abin da ya shiga fidar kuwa yawancinsa ruwa ne da zaƙi.

Babban kuskuren shi ne gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa jariri nono zalla zai sha har ya cika wata 6, ko ruwa ba ya buƙata, ko da ana tsakiyar zafin Afrilu, domin mafi yawan nono ruwa ne. Na san da wuya. Uwar miji za ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, wannan zafin ba za ki ɗan matsa masa lemo ba?" Ba a yi wa Hajiya musu, amma kina iya cewa, "To Hajiya, a wajen awo sun ce a dakata sai ya ƙara ƙwari," ki ƙara ba shi nono. Bayan wata 6 ma ba a buɗe ƙofar jus ba. A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa kada a ba yaro jus kafin ya cika shekara ɗaya, daga shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a rana. Wato kwatan ledar fiya wata ke nan, ba cikin kofin silba ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne: ɗan wata 6 da cokali biyu ko uku ake fara masa abinci, sau biyu ko uku a rana. In jus ya cike wannan ɗan gurbin, ina kunun gyaɗa zai shiga, ina ƙwai, ina wake, ina nonon kansa? Jus ba shi da maiƙo, ba shi da abin gina jiki, ba shi da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma a daidai wannan lokacin ne ajiyar ƙarfen da aka haifi yaro da ita take ƙarewa. Sai ki ga yaro kullum ciki a cike amma a wajen awo sikeli ya ƙi motsi.

Gyaran yana da sauƙi, ya ma fi haɗa jus ɗin sauƙi: ba shi 'ya'yan itacen kansu. Ayaba nunanniya a dame da cokali. Gwanda haka. Mangwaro a kankare naman a murje shi. Piya in an samu. Karas da kabewa da dankalin Hausa a dafa su su yi luguf, a murƙushe, a ɗiga man gyaɗa ko manja kaɗan, saboda bitamin A sai da maiƙo jiki ke karɓarsa sosai. In dai sai kin kunna blandar hankalinki zai kwanta, to markaɗa, amma ki rataye rariyar, ki bar shi da kauri yadda zai zauna a cokali. Kankana a cire mata 'ya'ya tas. Inabi da dabino kuwa ba a ba ƙaramin yaro su ɗungurungum, suna maƙalewa a wuya.

Sai zancen "ai ban sa sukari ba". Kofi guda na ruwan lemon zaƙi da aka matse a gida yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali biyar, nasa na halitta. In lemon yaro ya ci da tukarsa, sukarin a hankali yake shiga jiki. In matsewa aka yi, lokaci guda yake kwarara. Wasu kuma da sun ɗanɗana sun ji tsami sai su ƙara sukari, ko su ce zuma ta fi lafiya. Zuma magani ce ga babba, amma ga wanda bai cika shekara ba tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna, wadda dafinta ke sa jariri ya yi laushi, ya kasa tsotso, kukansa ya raunana, wani lokaci har numfashi ya gagara. Ko lasa ɗaya a bari sai ya shekara. Zoɓo da ruwan tsamiya na gidan da aka zuba wa sukari da kanumfari da citta, waɗannan na manya ne.

Fida ita ma tana da nata laifin. Yaron da ke yawo da fidar jus, ko ake kwantar da shi da ita a baki, haƙoransa na gaba na sama wuni suke a jiƙe cikin zaƙi da tsami. Su ne za ki ga sun fara farin tabo a gindi, daga baya su koma ruwan ƙasa su gutsuttsure. In ya shekara kika ga dama ki ba shi, ki zuba a buɗaɗɗen kofi, yana zaune, lokacin cin abinci, a sha a gama. A nan ma yana da ɗan amfani, domin bitamin C na lemo yana taimaka wa jiki ya ɗebi ƙarfen da ke cikin wake ko zogale.

Jus ɗin ganye da saiwa shi ne wanda aka fi yarda da shi, shi ne kuma ya fi buƙatar hattara. Alayyahu da karas da bitirut suna tara wani sinadari da ake kira naitiret daga ƙasa da taki. Babba bai san ma yana yi ba, amma a jikin jaririn da bai kai wata 6 ba yana iya hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓe da farce su yi shuɗi-shuɗi. Abin yana ƙaruwa in an markaɗa an ajiye a wuri mai ɗumi. Wanda ya ga wannan alamar, asibiti kai tsaye. Ga kuma lambunan bayan gari da ake yi wa ban-ruwa da ruwan kwata. Ɗanyen ganye daga can, komai wankinsa, bai kamaci cikin jariri ba sai an dafa.

Karas ya taɓa ba ni tsoro. Ɗana na biyu yana da wata goma nake ɗura masa ruwan karas safe da yamma, wai don ido. Ran nan na ga tafin hannunsa da na ƙafarsa da gefen hanci sun yi ɗorawa. Na ce shi ke nan, shawara ce. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe idonsa ta nuna min farin yana nan fari ƙal, ta ce, "Maman yaro, me kike ba shi?" Launin karas ne ya taru a fata. Na daina, bayan 'yan makonni ya washe. Shawara tana rina farin ido, karas da gwanda da mangwaro ba sa yi. Duk da haka ba a gida ake yanke wannan hukuncin ba.

Ajiya kuma: jus ɗin kwali an dafa shi an kashe ƙwayoyin cuta, na gida ba a yi masa haka ba. Abin da ya wuce awa biyu a waje a zubar, in ana tsananin zafi awa ɗaya ma ta isa. Firjin da wuta ke zuwa masa tana ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. A kwance blanda a wanke ƙarƙashin wuƙarta da robar, nan ne datti ke maƙalewa. A wanke kankana da mangwaro kafin a yanka, don wuƙa tana jan dattin ɓawo zuwa ciki.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ba yaro jus yana gudawa, wai don a mayar masa da ruwan jiki. Yawan zaƙin yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Na tuffa yana cikin waɗanda suka fi yin haka, har yaro mai lafiya yana iya sa shi sakin ciki. Abin da ake bayarwa shi ne ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari na leda, a haɗa shi daidai yadda aka rubuta a jikin ledar da tafasasshen ruwan da ya huce, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14: miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba, 20 ga wanda ya wuce. Nono kuma a ci gaba da ba shi fiye da da. In idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya ƙi tsotso, ko aka ga jini a kashin, kada a jira gari ya waye.