Yadda ake riƙe rediyo a ƙaramin filin jirgi, daga hasumiya har kujerar matuƙi

Duk yaron da ya gama kwas ɗin aikin hasumiya a kwalejin jiragen sama ta Zariya ko makarantar EAMAC ta Yamai burinsa a kai shi babban fili inda jirage ke bin layi, sai takarda ta fito ya ga an tura shi wani ɗan fili da jirgi uku ke sauka a yini, wata rana ma ɗaya, ranar da gwamna ya yi baƙi kuma su zama tara cikin awa guda. Sai ransa ya ɓaci yana ganin an kai shi zaman kashe wando. To ni na yi irin wannan zaman, kuma wallahi kunne ya fi saurin mutuwa a inda ba aiki. A babban fili akwai na'urar rada, akwai na gefenka da ke jin duk abin da ka faɗa, ga oga a tsaye a bayanka. A ƙarami kuwa daga kai sai makirufo sai madubin hangen nesa, sai tagar da ƙurar hunturu ta bi ta lulluɓe.

Mu fara da maimaitawa, don ita ce uwar aikin. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta ware abubuwan da dole matuƙi ya maido wa hasumiya baki da baki: izinin shiga titin jirgi, izinin tashi da na sauka, umarnin tsayawa kafin titi ko tsallaka shi, lambar titin da ake aiki da shi, tsayi da alƙibla da gudun da aka ba shi, lambar tiransfonda (na'urar da ke nuna jirgi a allon rada), da QNH, wato lambar matsin iska da ake saita agogon tsayi da ita. A kan waɗannan "roja" ba amsa ba ce. Roja na nufin na ji kawai, irin "to" ɗin da yaro ke ce wa uwarsa in ta aike shi alhali idonsa na kan ƙwallo. In matuƙi ya ce maka roja bayan ka ce ya tsaya kafin titi, ka sa shi ya maimaita, ko da shi ne jirgi ɗaya tal a duk jihar.

Amma rabin aikin ke nan, ɗaya rabin naka ne kai na hasumiya, wato sauraron abin da ya maido. Nan ne mutane ke faɗuwa, don kunne na jin abin da yake sa ran ji ne. Ranar 8 ga Agusta 2009 a filin Teterboro da ke New Jersey kusa da New York, kwantirola, wato mai ba jirage umarni daga hasumiya, ya ce wa matuƙin wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper ya koma mitar rediyo 127.85 ya yi magana da masu kula da jirage na filin Newark, matuƙi ya maimaita 127.87, lamba ɗaya ce ta bambanta, kuma ba wanda ya gyara masa saboda kwantirolan na kan wayar ofis yana hirar da ba ta shafi aiki ba, ogan da ya kamata ya tsawata kuma ya fita daga ginin ya tafi sha'aninsa. Mutanen Newark sun hango matsala a allonsu suka nemi a juya jirgin, aka kira matuƙi shiru, ya riga ya koma wata mitar da ba mai nemansa a can. Ya yi karo da helikwafta mai yawo da 'yan yawon buɗe ido a saman kogin Hudson, mutum 9 suka mutu, biyar cikinsu 'yan Italiya ne. Duk abin bai ɗauki 'yan mintuna ba.

Saboda haka wayarka ta zauna a jaka, a kashe ko a shiru. Ban ce ka kife ta a tebur ba, in tana tebur hannu zai je. WhatsApp zai jira ka. Su abokai da ke hawowa hasumiya don akwai sanyin AC da wurin caji, ka sallame su cikin mutunci kafin lokacin jirgi, in ya so su ce ka canja hali. In lokacin sallah ya yi kana kai kaɗai kuma akwai jirgi a hanya, ka bari ya sauka ya kashe inji tukuna. Sannan ka riƙa rubuta abin da ka ba matuƙi a kan takardar jirgin lokacin da kake faɗa, in yana maimaitawa yatsanka na bin rubutun, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa.

Ni abin da ya koya min wannan QNH ne. Wata safiya ta hunturu, hazo ya sauko har ba na ganin ƙarshen titi sosai, na ba wani jirgi 1012, ya maido min 1021, ni kuma na ce masa daidai ne, don hankalina na kan motar kashe gobara da na tura ta kori wasu awaki da suka shigo ta inda waya ta yanke. Sai da na aje makirufo wani abu ya ce min kai, me ya ce ne? Na kira shi na sake ba shi lamba ɗai-ɗai, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce ya gyara. Kowane hektofaskal ɗaya, wato lamba ɗaya a QNH, kusan ƙafa 27 zuwa 30 ne a agogon tsayi, ka ga tara sun kai wajen ƙafa 250, kuma da yake lambar da ya saka ta fi ta gaskiya, agogonsa na nuna masa yana sama alhali ya fi haka kusa da ƙasa. Ba abin da ya faru, amma ranar shayin da na haɗa a nan ya huce ban sha ba.

Bayan kunne sai ido. In ka ba jirgi izinin tashi, kada ka juya masa baya sai ka ga ya hau titin da ka ce kuma ya ɗaga. A Lexington ta jihar Kentucky, 27 ga Agusta 2006 da asuba, an ba jirgin Comair mai lamba 5191 titi na 22 mai tsawon kusan ƙafa 7,000, matuƙan suna ta hirarsu a hanyar zuwa, suka hau titi na 26 wanda ƙafa 3,500 ne kuma ba fitilu. Kwantirola ɗaya ne a hasumiya maimakon biyu da tsarin FAA, hukumar jiragen saman Amurka, ya tanada, barcin da ya samu kafin aiki bai wuce awa biyu ba, ya ba da izini ya juya kan aikin takardu. Mutum 49 cikin 50 suka rasu. Kai matuƙi, darasinka a nan mai sauƙi ne: lambar titi alƙiblarsa ce aka cire sifiri, titi na 22 kamfas zai nuna wajen digiri 220, in ka miƙe ka ga 260 to taka birki. Hira kuma a bar ta tun daga tura jirgi har a wuce ƙafa 10,000, wannan doka tun 1981 take a Amurka.

Yanzu yadda ake danna maɓallin magana. Ka saurara tukuna na 'yan daƙiƙoƙi, ka tabbata ba wanda ke magana ko jiran amsa, ka shirya maganarka a kai, sannan ka danna: wa kake kira, kai wane ne, kana ina, me kake so. Shi ke nan ka saki. Mu mutanen gaisuwa ne na sani, amma ina kwana ya gajiya ya iyali ba wurinsu ba ne nan, ku gaisa a ƙasa in an kashe inji. Rediyon jirgi ba kamar wayar hannu ba ne, in mutum biyu suka danna tare sai ƙara kawai ta fito, kowa kuma ya ɗauka an ji shi. Abin da ya faru ke nan a filin Los Rodeos na tsibirin Tenerife ranar 27 ga Maris 1977, ɗan fili ne mai titi ɗaya ba radar ƙasa, aka karkato masa jirage saboda bam da ya tashi a filin Gran Canaria, ga hazo, hasumiya na ce wa jirgin KLM ya dakata, jirgin Pan Am na cewa har yanzu yana kan titi, maganganun biyu suka haɗu suka cinye juna. KLM ya taho zai tashi, Boeing 747 guda biyu suka yi karo, mutum 583 suka mutu. Tun daga nan kalmar "tekof", wato tashi, ba a furta ta sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, duk wata magana kafin nan "difaca" ake cewa. Ka kiyaye wannan ko da wasa.

Harshe ma haka. In kun gane juna ku Hausawa ne kai da matuƙi, kada ku juye zuwa Hausa a kan mita, don akwai wani yana tafe mil 20 a baya yana gina hoton abin da ke faruwa daga maganarku. A filayen ASECNA, hukumar kula da sararin samaniyar galibin ƙasashen Afirka rainon Faransa, irin su Zinder da Maraɗi da Agadas za ka ji Faransanci da Turanci suna cakuɗe, to in akwai wanda ba ya jin Faransanci a kan mitar, a yi Turanci kowa ya ji. Tun 2008 ICAO ta sa sharaɗin matakin Turanci na 4 ga masu aikin jiragen ƙasa da ƙasa, amma ba turancin burga ake nema ba, a hankali, lamba ɗai-ɗai, 3 a ce tiri, 5 faif, 9 naina.

Sai babbar cutarmu, kunya. Yaro ɗan shekara 25 a hasumiya, kyaftin mai furfura a jirgi wanda ya girmi babansa, kyaftin ya maimaita ba daidai ba, yaro ya ji nauyin gyara wa yallaɓai. Ka ce "negatif", wato a'a, ka sake faɗa masa, muryarka a kwance, ba tsawa ba izgili. Kyaftin na gari zai gode maka, wanda ya ji haushi ma gara ya ji haushin yana raye. Haka ɗalibi, in ba ka ji ba ka ce "se agen", wato a maimaita, sau uku ma ba laifi, matambayi ba ya ɓata. In an ba ka abin da ba za ka iya ba ka ce "anebul". Kai kuma na hasumiya, in ɗalibi ya rikice kada ka yi masa faɗa a iska kowa na ji, ƙara rikicewa zai yi yana riƙe da jirgi, ka rage gudun maganarka, ka ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, faɗan ya jira har ya sauko.

Akwai kuma filin da ba hasumiya kwata-kwata, ko an tashi aiki da faɗuwar rana. A nan kowa kwantirolan kansa ne, ka sanar da inda kake tun kana nesa, ka sanar in ka shiga zagayen fili, in ka miƙe za ka sauka, in ka fita daga titi, kafin ka hau titi ma haka. Kuma duk magana ta fara da lambar jirginka, kada ka taɓa amsa tambayar da aka yi wa wani. A Quincy ta jihar Illinois, 19 ga Nuwamba 1996, jirgin United Express ƙirar Beech 1900 na saukowa, ya tambayi wani jirgi ƙirar King Air da ke bakin ɗaya titin ko zai jira ne ko zai tashi. King Air bai ce uffan ba. Wani ƙaramin Cherokee da ke bayansa shi ya amsa cewa yana jira, masu saukowa suka ɗauka King Air ne ya yi magana, shi kuwa ya saki birki ba tare da ya sanar ba, suka haɗu a mararrabar titunan biyu, mutum 14 ba wanda ya fita. Mai Cherokee taimako ya yi niyya fa. Shi ya sa in amsar da ka samu ba ta zo da lambar wanda ka kira ba, ka ɗauka ba a amsa maka ba, kuma ka leƙa da idonka, gani ya kori ji. Lambobi masu kama da juna ma a kula, jiragen Najeriya duk da 5N suke farawa, na Nijar 5U, in biyu suka ƙare da haruffa masu kama to a daina gajartawa a kira kowa da cikakkiyar lambarsa, matuƙi ma ba ya gajarta tasa sai hasumiya ta fara.

In kana cikin matsala ka faɗi kalmar da aka sani. Jirgin Avianca 52 a Janairun 1990 ya yi ta zagaye kusa da New York mai na ƙarewa, matuƙan na neman a ba su fifiko amma ba su furta kalmar gaggawa ba, injuna suka mutu, mutum 73 suka tafi. "Meide" sau uku in rai na cikin haɗari, "pan-pan" sau uku in abin na gaggawa ne amma bai kai can ba, tiransfonda 7700, mitar gaggawa 121.5. Ba wanda zai ci ka tara don ka ce meide daga baya abin ya zo da sauƙi, takarda kawai za ka cike.

Rediyon kansa yana iya mutuwa, nasa ko naka, balle inda wuta ke ɗaukewa janareta na jan jiki kafin ya tashi. Matuƙi ya sa 7600 a tiransfonda, alamar rediyo ya mutu, ya ci gaba da sanarwa ko ba a amsa, watakila ana jin sa shi ne ba ya ji, ya zuba wa hasumiya ido. Kai kuma ka ɗauko fitilar sigina: kore tsayayye ga na sama ya sauka, ga na ƙasa ya tashi, ja tsayayye na sama ya ba da hanya ya ci gaba da zagaye na ƙasa ya tsaya cak, ja mai walƙiya ga na sama kada ya sauka filin ba lafiya. Ka gwada fitilar nan duk lokacin da ka karɓi aiki, tare da rediyon hannu na ko-ta-kwana da layin 'yan kwana-kwana, kuma wanda ka karɓa daga hannunsa ya gaya maka komai da baki kafin ya ɗauki jakarsa, jirgi nawa ke tafe, wace mota ce ke kan titi, wane izini ya riga ya bayar. Ranar farko da na ɗauko tamu fitilar daga saman kabad, zanzaro ya yi gini a jikin mariƙinta, batirin kuma ya kumbura ya ƙi fita sai da muka sa sukundireba.